Amsa ga mai neman fim ɗin alfadarin da ke magana cikin sojoji

Ɗan'uwa, sannu da wahala. Ka ce kana neman wani tsohon fim marar kala da Baba yake ba ku labarinsa, na wani jaki mai magana a cikin sojoji, kuma sau biyu kana biyan kuɗi a tura maka: na farko aka ba ka na doki mai surutu a bayan gida, na biyu hoto ya fito a murɗe, muryoyi kamar na ƙananan yara. Wallahi na san wannan takaicin. Duk wanda ya daɗe a cikinmu yana farautar tsofaffin fina-finan Amurka ya ƙoshi da shi.

Dabbar da kake nema alfadari ce, ba jaki ba, shi ya sa bincikenka yake ta ɓacewa. Sunansa Francis. Kamfanin Universal ne ya yi fina-finan, guda 7, daga 1950 zuwa 1956, an ɗauko labarin daga littafin David Stern na 1946. Na dokin da aka ba ka Mister Ed ne, wasan talabijin na 1961 zuwa 1966, babu soja ko ɗaya a gindin labarinsa. Suna da dangantaka dai: Arthur Lubin da ya ba da umarnin fina-finan Francis guda 6 na farko shi ne ya koma ya yi na dokin, kuma mai horar da dabbobin mutum ɗaya ne, Les Hilton. Amma wannan ba uzuri ba ne ga mai sayarwa. Wanda bai iya bambance doki da alfadari ba, me ya kai shi karɓar kuɗin mutane?

Tunda na soja kake so, 4 ne naka daga cikin 7 ɗin. Francis na 1950, Francis Goes to West Point (makarantar horar da hafsoshin sojan Amurka) na 1952, Francis Joins the WACS (rundunar mata ta sojan Amurka) na 1954, sai Francis in the Navy na 1955. Na 1951 sukuwar dawaki ne, na 1953 aikin jarida ne a birnin New York, ka bar su sai daga baya. Na 1956 mai gidan fatalwa kuwa, kada ka fara da shi ko kyauta aka ba ka. An canza jarumi, Mickey Rooney ya maye gurbin Donald O'Connor, an canza darakta, an canza muryar alfadarin daga Chill Wills zuwa Paul Frees. Paul Frees gwani ne, ya yi ƙoƙarin kwaikwayo, amma wannan muryar mai kaushi ta mutumin Texas, mai jan magana cikin raini, ita ce rabin fim ɗin. Da ta tafi, armashi ya bi ta.

Na tabbata na 1950 Baba ya gani, domin shi ne na dajin ƙasar Bama (Myanmar ta yanzu) a Yaƙin Duniya na Biyu. Ƙaramin laftanar Peter Stirling, wato Donald O'Connor, ya ɓace a bayan dagar Japanawa, alfadarin soja ya tsince shi ya mayar da shi sansani, daga nan ya riƙa tsegunta masa inda abokan gaba suke. Bayanin kullum daidai yake fitowa. Matsalar ita ce da manya sun tambaye shi wa ya gaya maka, yaron ba ya iya ƙarya, sai ya ce alfadari ne, sai a tura shi sashen masu taɓin hankali ya zauna yana saƙar kwando, ZaSu Pitts tana nas ɗin da ke lallaɓa shi. Ka lura da kwandon duk lokacin da aka dawo da shi. Tsawon fim ɗin wajen minti 91, ka riƙe wannan lambar, za ta yi maka amfani.

Yanzu bari in zo kan mutanen nan da suka ɓata maka kuɗi, don abin yana ci mini rai. Kwafin da ya zo maka da muryar yara ba lalacewa ya yi a hanya ba, da gangan aka yi masa haka. Masu ɗora fim a intanet ba da izini ba suna tsoron na'urar da ke gano kayan masu haƙƙi, sai su yi wa fim ɗin rauni don kada a gane shi: su ƙara masa sauri, su ɗaga sautin murya, su juya hoton dama ta koma hagu, su yanke gefe-gefe, wani lokaci su ƙanƙance shi su sa a tsakiyar wani zanen labule. Mai tura fim a kasuwa ya sauke wannan gurgun, bai buɗe ya duba ko minti ɗaya ba, ya sa masa suna, ya karɓi kuɗinka. In ka koma ya ce ai tsohon fim haka yake. Ƙarya ce! An ɗauki fina-finan nan a babban sutudiyo da kyamarar ƙwararru, hotonsu garau yake. Kuma a irin wannan fim ɗaga sauti kisa ne, domin dariyar tana cikin yadda murya mai nauyi ta dattijo ke fitowa daga bakin dabba tana yi wa janar rashin kunya. Ka mayar da ita siririya, me ya rage? Alfadari yana motsa leɓe kawai. Har akwai masu raba fim ɗaya gida uku su sayar a matsayin kashi na ɗaya, na biyu, na uku, akwai masu sa sunan Clint Eastwood da manyan haruffa a kan na 1955 don su ja kasuwa, alhali ɗan ƙaramin matsayi ya taka a matsayin ɗaya daga cikin sojojin ruwa, lokacin ba wanda ya san shi. Allah ya isa dai kawai.

Kafin ka biya kowa, ka sa a buɗe maka a gabanka. Fara da duba tsawo. In na 1950 ya nuna minti 87 ko 88, wannan ba yanka ba ne, kwafin PAL ne, tsarin talabijin na Turai da ƙasashenmu: an ɗauki fim a hoto 24 cikin daƙiƙa, PAL yana gudu da 25, sai ya yi sauri da kashi 4 cikin 100. Ana iya zama da shi, in ya dame ka ka rage gudun a manhajar kallon bidiyo ta VLC zuwa 0.96. In kuwa ya nuna 75 ko 80, an yanke ko an ƙara gudu fiye da kima, ka bar musu kayansu. Na West Point da na sojan ruwa kowanne wajen minti 80 ne tun asali, kada ka yi rigima a kansu. Sai ka duba rubutun sunaye na farko: in haruffa a juye suke, an juya hoton. In babu rubutun sunayen gaba ɗaya, an sare kan fim ɗin. Sai siffar hoto. Na 1950 da na 1952 kusan murabba'i ne, 4:3, dole a ga baƙi a dama da hagu a talabijin na zamani. In ya cika allo fal, ko dai an miƙe shi, ka ga fuskoki sun yi faɗi alfadarin ya koma gajere, ko an yanke sama da ƙasa har kunnuwansa sun fita daga hoto. In miƙewa ce, danna harafin A a VLC na kwamfuta har ya dawo 4:3. In yanka ce, babu magani.

Girman fayil ma yana magana. Fim na minti 90 da bai kai megabait 200 ba zai fashe a wuraren duhu, kuma na 1950 yana da wuraren daji da na dare. Nemi mai 600 zuwa 700, ko wajen gigabait 1 in mai hoto garau ne na 720p. In kuma ka samu babba mai inganci, ka tuna filashin da ke tsohon tsarin ajiya na FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4.

Hanya mafi tsabta ita ce faifan asali. Universal ta fitar da su a DVD, kamfanin Kino Lorber kuma ya haɗa duka 7 a Blu-ray a 2022. In kana da wanda zai taho maka da shi daga Amurka, tsaya tukuna ka duba na'urarka. Ana kulle faifai ne da shiyyar duniya: DVD ɗin Amurka shiyya ta 1 ne, Najeriya da Nijar shiyya ta 5; a Blu-ray su A ne, mu B. Yawancin ƙananan na'urorin DVD na kasuwanninmu ba sa damuwa da shiyya, amma na Blu-ray suna da taurin kai. Mutum ya kashe kuɗin faifai da na aike, ya saka, allo ya ce masa ba a yarda ba. Wannan ya fi ciwo.

Kada ka kalla babu rubutun maganganu na ƙasan allo, ko da Turancinka ya nuna. Chill Wills yana cinye ƙarshen kalmomi, ga zaurancen bariki na wancan zamani. Fayil ɗin rubutun, wato SRT, ka sa masa suna iri ɗaya da na fim, a jaka ɗaya, zai hau da kansa. In rubutun ya riga magana ko ya makara da tazara ɗaya tun farko har ƙarshe, G da H a VLC suna matsar da shi kaɗan-kaɗan. In kuwa ya fara daidai sannan tazarar tana ƙaruwa, to rubutun na kwafin hoto 24 ne fim ɗin na 25, ko akasin haka. Matsarwa ba za ta gyara ba, nemi wanda ya dace.

Sai kuma tambayarka ta yadda aka sa alfadarin magana. Babu dabarun kwamfuta a fim a 1950. Zare siriri ake sa wa dabbar a baki, in aka ɗan ja sai ta motsa leɓe tana ƙoƙarin fitar da shi, a ɗauki hoton, sannan a ɗora murya daidai da motsin. Labarin shafa niƙaƙƙiyar gyaɗa a dasashi na Mister Ed ne, kuma jarumin wasan Alan Young ya faɗa da bakinsa cewa shi ya ƙirƙire shi. Francis ɗin ma mace ce, alfadara mai suna Molly, ita ta fara cin kyautar PATSY ta dabbobin fim a 1951. O'Connor kuwa bayan fim 6 ya ajiye, yana yawan barkwancin cewa wasiƙun masoya na alfadarin sun fi nasa yawa. Abin dariya ne amma akwai zafi a ciki, mutumin da ya yi rawar bango a Singin' in the Rain a 1952 ya koma ɗan rakiyar dabba.

Tunda don Baba kake nema, ka tambaye shi ko a gidanku akwai wanda ya je Bama. Sojojin Najeriya sun yi yaƙin a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, wasu bataliyoyinmu ma sun shiga daji tare da Chindits, wata runduna ta musamman ta Birtaniya, a 1944. Alfadarai na gaske sun yi dakon makamai da abinci a wannan daji, kuma na Chindits har tiyata aka yi musu a maƙogwaro don kada kukansu ya tona asirin runduna. Fim ɗin bai taɓo wannan ba, kuma kada Baba ya sa ran ganin baƙar fatar Afirka a ciki. Dajin ma na sutudiyon Kalifoniya ne.

Bayan na farko, ni da na ce ka tsallaka zuwa na 1954, inda kuskuren takarda ya jefa Peter cikin rundunar mata. A nan Chill Wills ya fito da fuskarsa a matsayin janar, muryarsa da ta alfadarin iri ɗaya, ruɗanin da ya biyo baya ya fi komai daɗi a jerin. Na West Point ya fi sanyi, ƙwallon Amurka ta cinye rabinsa, in ba ka san dokokin wasan ba za ka yi hamma. Na sojan ruwa O'Connor ya fito mutum biyu masu kama ɗaya, amma gajiya ta riga ta bayyana a jikin labarin, alfadarin ma bai samu fili sosai ba.

In ka samo kwafi, turo mana hoton allo na rubutun farko da tsawon mintunan kafin ka biya, za mu duba maka.