Milimita bakwai da ke cinye maka riba

Tambaya: Ina da shagon lanƙwasa farantin ƙarfe, muna yin firam ɗin ƙofa da akwatuna. Sau da yawa in muka yanka daidai awon kwastoma, bayan lanƙwasa sai kayan ya fito ya fi girma, a dawo mana da shi. Asarar ta fara isata. Ina mafita?

Amsa: Malam, ba tef ɗinka ne ke da matsala ba. In ka lanƙwasa ƙarfe, bayan kwanar miƙewa yake yi, cikinta kuma ya matse. A tsakani akwai wani layi da tsawonsa ba ya canzawa, shi ake bi wajen lissafi. Ba a tsakiyar kaurin yake cif ba, ya ɗan karkata ciki. Injiniyoyi suna auna matsayinsa da lambar K, wato nisansa daga cikin kwana in an raba da kaurin ƙarfen, wadda yawanci take tsakanin 0.33 da 0.5.

Ɗauki faranti mai kaurin milimita 2, rediyos ɗin kwanar ciki (nisa daga tsakiyar da'irar kwanar zuwa bakinta) shi ma 2, lanƙwasa digiri 90, K kuma 0.44. Ninka 0.44 da kaurin, wato 2, ka ƙara rediyos, shi ma 2, ya zama 2.88. Ninka da 1.57, lambar da ake amfani da ita ga kwanar digiri 90, ka sami 4.5. Wannan ne tsawon ƙarfen da kwanar ke ci. Amma awon waje ya ba wannan kwana milimita 8, huɗu ta kowane gefe, wato rediyos da kauri a haɗe. Ke nan kowace kwana sai ka rage 3.5.

To ga inda kuɗin yake. Firam mai awon waje milimita 40, 110, 40 in ka tara 190 ne. Kwana biyu gare shi, don haka 183 za ka yanka. Farantin da tsawonsa ya kai milimita 2440 zai ba ka guda 12 a kan 190, amma 13 a kan 183. Ashe bayan kayan da ake dawo maka da su, kana kuma zubar da guda ɗaya a kowane faranti ba ka sani ba.

Ni dai ban cika yarda da lissafin takarda shi kaɗai ba, domin kowane inji da halinsa. Yanki gutsure mai tsawon milimita 100, ka lanƙwasa, ka auna ɓangarorin biyu ta waje, ka tara. Abin da ya haura 100 shi ne ragin injinka. Yi haka ga kowane kauri da kowane irin ƙarfe, don alminiyom ba ya yin halin baƙin ƙarfe, ka rubuta ka manna a jikin injin inda yaran shago za su gani.

Kafin ka karɓi kuɗin kafin alƙalami kuma, tambayi kwastoma awon ciki yake nufi ko na waje, a rubuta a rasit. A faranti mai kaurin 2, bambancin milimita 4 ne, ya isa ya hana ƙofa shiga.