Tambayi Injiniya: Bled ya ƙi tashi, fankoki sai ruri

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni nake kula da kwamfutocin wata makaranta a Zariya. Mun sayi akwatin sabar HP c7000 na hannu, da fankoki shida da na'urar ba da wuta biyu. Bled BL460c huɗu, wato siraran kwamfutocin sabar da ake zurawa cikin akwatin, suna aiki lafiya a gurbi na 1 zuwa na 4. Na ƙaro na biyar na zura a gurbi na 5, ya ƙi tashi, fankoki kuma sai ruri suke yi. Wani ya ce mini babban allonsa ne ya ƙone. In sayi wani?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka taɓa aljihunka tukuna. Zatona bled ɗinka lafiyarsa ƙalau, akwatin ne ya hana shi wuta, kuma da gangan.

A wannan tsari bled ba ya kunna kansa. Idan ka danna maɓalli, iLO ɗin da ke cikinsa, wato ɗan guntun da ke kula da bled ɗin, shi ke neman izini wajen Onboard Administrator, wato kwakwalwar akwatin. Ita kuma sai ta duba ko akwai isasshiyar iska, ko akwai isasshiyar wuta, ko katunan sadarwarsa sun dace da abin da ke bayan akwatin. Ɗaya ya gaza, babu izini.

A naka, iska nake zargi. Akwatin c7000 yana da gurbin bled goma sha shida, 1 zuwa 8 a sama, 9 zuwa 16 a ƙasa, da gurbin fanka goma. Fanka shida rabin akwatin kawai suke ɗauka: gurbi na 1 zuwa 4 da na 9 zuwa 12. Gurbi na 5 yana wajen wannan iyaka. Zare bled ɗin ka mayar da shi gurbi na 9. Ka kuma leƙa baya ka tabbatar fankokin suna gurbi na 3, 4, 5, 8, 9 da 10, don kayan hannu sau da yawa a hargitse ake haɗo su. Ranar da kuke son cika akwatin, sai kun kai fanka takwas, goma ya fi.

Rurin kuwa, ina tambayarka: guraben da babu bled a ciki, a rufe suke? Masu sayar da na hannu sun saba yar da murafan nan, suna ganin robar banza ce. Gurbi a buɗe kamar taga ce a ɗaki mai esi, iskar da ya kamata ta ratsa cikin bled sai ta bi hanya mai sauƙi ta wuce, zafi ya hau, fankoki su ƙara gudu. Nemo murafan, gaba da baya.

Idan ya ƙi tashi a gurbi na 9, koma kan wuta. Akwatin yana ɗaukar na'urar wuta shida, kai biyu gare ka. In an saita shi ya ajiye rabi saboda ɗaukewar layin wuta ɗaya, to ƙarfin guda ɗaya kake amfani da shi, kuma mai yiwuwa bled huɗun farko sun cinye kasonsu. Shafin wuta na Onboard Administrator zai nuna maka abin da ya rage. Sai katin ƙari na cikin bled: na farko yana haɗuwa da gurbin sadarwa na 3 da na 4, in shi na Fibre Channel ne (hanyar haɗa sabar da ma'ajiyar bayanai) alhali suwic ɗin Ethernet ke wurin, ba za a ba shi wuta ba.

Duk wannan yana rubuce a ƙaramin allon da ke gaban akwatin, wanda na lura mutane ba sa ko jawo shi. Karanta shi, ka karanta rahoton iLO, kafin a yi maganar babban allo ya ƙone.

Tambaya: Hunturu ya shigo, ƙura ta cika mana ɗakin sabar. Zan iya hura bulowa ciki yana aiki? Daga wata 'yar'uwa a Maraɗi.

Amsa: A'a, 'yar'uwa. Bulowa tura ƙurar za ta yi can cikin mahaɗan akwatin, inda hannu ba ya kaiwa. Fankokin ana iya zare su akwatin yana aiki, to ki zare ɗaya, ki fita da shi waje ki kaɗe, ki mayar, sannan ki ɗauki na gaba. Bled kuwa sai kin kashe shi. Ki ɗaura igiyar nan ta wuyan hannu mai sauke tartsatsin lantarki kafin ki taɓa cikinsa, don a bushewar hunturu ɗan tartsatsin da ke jikin mutum ya isa ya lalata RAM. Ki toshe ƙasan ƙofa da tagogi, zafin iskar da ke shiga gaban akwatin kuma ya tsaya tsakanin digiri 18 da 27.