Jariri na kuka, ciki na ƙugi: amsoshin tambayoyinku

Saƙonnin da suka taru mini a wannan makon kusan duk na masu jego ne, kuma bakinsu ɗaya: jariri na kuka, ciki na ƙugi, an rasa yadda za a yi da shi. Barkanku da arziki duka, Allah ya raya.

Tambaya: Likita, ɗana kwanansa 18, da ya sha nono sai shaƙuwa ta kama shi. In ba shi ruwa? Daga Sabon Gari.

Amsa: A'a. Tun yana cikinki yake shaƙuwa, kuma ba ta damunsa yadda take damun ki. Ki maida shi ga nono ko ki ɗora shi a kafaɗa, za ta wuce. Zaren da ake liƙa masa a goshi ba ya magani, ba ya cuta, don haka ban hana ba.

Tambaya: Yarona wata 2, nono zalla yake sha. Yau kwana 4 bai yi kashi ba, sai yunƙuri da tusa, fuska ta yi ja. Maƙwabciyata ta ce in sa masa ɗan sabulu a dubura. Daga Mirriya.

Amsa: Ki bar sabulu a wurin wanki, Malama, ƙona masa fatar ciki zai yi. Yaron da ke kan nono zalla, in ya wuce mako 6, yakan yi kwanaki bai yi kashi ba, don nono ba ya barin dusa da yawa a hanji. Yunƙurin kuma koyo yake yi, bai gama sanin yadda ake matsa ciki a saki dubura a lokaci guda ba. In kashin ya zo da laushi, ba maƙarƙashiya ba ce. Amma in ya zo da tauri kamar na akuya, ko da jini, ko ciki ya kumbura ya yi tauri yana amai, ki kai shi CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa ko na gari, a ranar.

Tambaya: Likita, haihuwata ta fari ce, ɗiyata mako 5. Kullum daga la'asar sai ta fara kuka har bayan isha'i, tana naɗe ƙafafu, tana banƙarewa. Da rana lafiya lau take, tana shan nono, kuma an ce nauyinta ya ƙaru a awo. Uwar mijina ta ce ciwon cibi ne, kuma nonona ba shi da kyau. Ta jiƙa bauri za ta fara yi mata ɗura, ta ce in bai yi ba a kira wanzami ya duba belinta. Maigidana ya yi shiru. Ni kuwa tsoro nake ji. Daga Birni.

Amsa: Ɗiyata, sannu da ɗawainiya. Tsoronki yana kan hanya, kuma saboda wasiƙarki na zauna rubutun nan, don haka ki yi haƙuri da tsawon amsar.

Yarinyar da ke kama nono da ƙarfi, tana jiƙa tsumma sau 6 ko fiye a yini, nauyinta na hawa, jikinta ba zafi, sai dai kukan maraice, wannan mun san shi sarai. Tun 1954 wani likitan yara a Amurka, Morris Wessel, ya yi masa ma'auni: kukan awa 3 a yini, kwana 3 a mako, har mako 3, ga yaron da lafiyarsa ƙalau. Yakan fara wajen mako na 2, ya fi tsanani wajen mako na 6, daidai lokacin da maijego ke shirin arba'in, sannan ya lafa a wata na 3 zuwa na 4. Jariran Faransa na yin sa, na Sin na yin sa, inda ba a taɓa jin sunan bauri ba, kuma yana barinsu. Nan ne bauri ya samu sunansa. Ana fara ɗura shi lokacin da kukan ya kai maƙura, bayan ƴan makonni kukan ya tafi don lokacinsa ya yi, sai a ce magani ya ci. Faɗuwa ce ta zo daidai da zama.

Iskar da kike ji tana ƙugi, yawancinta haɗiye ta ake yi. In bakin yarinya bai cika da nono ba, tana tsotso tana shan iska. In ta yi kuka ta ƙara haɗiyar wata, ciki ya ɗaure, ta ƙara kuka. Ga hanji sabo da bai gama sabawa da aiki ba. Cibi ba ruwansa a ciki. Nononki ma ba shi da laifi, ma'aunin awo ya riga ya ba da shaida.

Yanzu ga abin da ya sa ba na son bauri, ko dauri, ko kowane jiƙo a bakin jariri. Ran da aka haife shi, abin da cikinsa ke ɗauka bai fi cokalin shayi ɗaya da ɗan wani abu ba, a wata guda kuma cikin bai wuce girman ƙwan kaza ba. Duk wurin da jiƙo ya cika, nono ne ya rasa. Yarinya ta rage tsotso, nono ya rage kawowa, sai a ce ai dama mun faɗa ba shi da kyau. Sannan ba wanda ya san yawan abin da ke cikin ƙwaryar. Sassaƙen yau ba ƙarfinsa ɗaya da na jiya ba, hantar jariri da ƙodarsa kuwa ba su yi ƙwarin tace abin da babba ke tacewa ba. Ga ruwan da aka jiƙa shi, daga garuwa zuwa randa, daga randa zuwa ƙwarya, ya kwana ya wuni a buɗe cikin zafin Damagaram. Zawo ga ɗan mako 5 ba wasa ba ne, cikin yini guda yake tsotse shi.

Ɗurar kanta ta fi komai tayar mini da hankali. A kwantar da jariri a cinya, a toshe masa hanci, a zuba masa ruwa a tafin hannu yana kuka. Mai kuka yana jan numfashi, ruwan kuwa ba ya tambayar hanya, huhu yake tafiya. Wani dare aka kawo mini yaro ɗan mako 3 a naɗe cikin zane, haƙarƙarinsa na lotsawa da kowane numfashi, leɓɓansa sun yi duhu, ga sauran jiƙo ruwan ƙasa-ƙasa ya bushe a ƙofar hancinsa. Kakarsa na tsaye a bakin ƙofa tana murza bakin mayafinta, tana cewa, "Likita, wallahi tafi biyu kacal na ba shi." Na yarda da ita, tafi biyun ne. Ya yi kwanaki a kan oksijan kafin Allah ya tashi kafaɗunsa, kuma a duk kwanakin tsohuwar nan ba ta bar bakin gadon ba. Kukan maraice ne kawai ya sa aka yi masa ɗurar.

Batun wanzami kuwa, beli halitta ce, kowa da nasa, kuma ba ya sa ciwon ciki. Yanke shi ga jariri na jawo zubar jini, da ƙwayar cuta a jini, da tetanos, da ciwon hanta in askar ta bi wani yaro kafin ta zo kan naki, ga zafin da zai hana ta tsotso. Tsagar ciki ma haka. Kada a yi. Ko sau nawa aka tambaye ni, amsar ke nan.

To me za a yi? Ki duba kamun nono: bakinta ya buɗe sosai, ya ɗauki baƙin da ke kewaye da kan nonon, haɓarta na taɓa ki, ba ki jin ƙarar tsotsar iska. Ki bar ta ta gama da ɗaya kafin ki juya ta. In ta gama, ki tsayar da ita a kafaɗa minti 10 zuwa 15 kina shafa bayanta har ta yi gyatsa. Kada ki jira sai ta ɓarke da kuka, da ta fara tsotsar hannu tana juya kai ki ba ta. In kukan ya taso, ki kifa ta a kan damtsenki, kanta wajen gwiwar hannunki, ki yi ta zagaya tsakar gida. Ko ki kwantar da ita rigingine, ki ɗumama tafinki da ɗan mai, ki shafa cikin a hankali yadda hannun agogo ke juyawa, sannan ki riƙa lanƙwasa ƙafafunta zuwa ciki kamar mai tuƙa keke. Sau da yawa za ki ji tusar ta fita. Ki nisanta ta da hayaƙin murhu, da turaren wuta, da maganin sauro na ƙonawa. In barci ya ɗauke ta, a bayanta za ta kwanta, cikin gidan sauro. Kifawa sai tana farke kuma ido na kanta.

Wata rana duk za ki yi wannan ta ƙi yin shiru. Ba gazawarki ba ce. In kin ji ranki ya ɓaci, ki miƙa ta ga wani, ko ki ajiye ta a shimfiɗarta ki fita ki sha ruwa. Kada a girgiza jariri don ya yi shiru, jijiyoyin cikin kansa na iya tsinkewa.

Ita kuma Iya, kada ki yi musu da ita, ba za ki ci riba ba. Jikarta take so wa sauƙi. Ki roƙe ta ta raka ki awo, ta ga nauyin da ake rubutawa a karne, wato littafin awo, da idonta, ta ji daga bakin majo, shugaban CSI, ko ungozomar asibiti. Ki ce mata, "Iya, a bayanki ta fi yin shiru, ki taimaka mini da goyon magariba." Goyo da jijjigar tafiya na daga cikin abin da ya fi kwantar da irin wannan kukan, kuma tsofaffi sun fi mu iyawa. Maigida, in ka karanta wannan, mahaifiyarka ce, kalma ɗaya mai ladabi daga bakinka ta fi goma daga bakin matarka. Shirunka ba ya taimakon kowa.

Duk wannan ga yarinya mai lafiya ne. In jikinta ya yi zafi har digiri 38, ko ya yi sanyi ƙalau, in ta ƙi nono, ta yi laƙwas, amai ya zo kore ko da jini, kashi da jini, ciki ya kumbura ya yi tauri, numfashi na sauri ko ƙirji na lotsawa, maɗiga ta faɗa ko ta kumbura, ido ya yi rawaya, ko kukan ya sauya ya zama wani siriri marar tsayawa, to ba a jiran gari ya waye. CSI mafi kusa, ko babban asibitin Zinder, ko da tsakar dare ne. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ɗauke kuɗin duba yara ƴan ƙasa da shekara 5. Na san wani lokaci sai an rubuta muku magani ku saya, amma kada hakan ya zaunar da ku a gida.

Tambaya: Na sayo wa ɗana ɗan wata 1 wani siro a kasuwa, mai tallan ya ce na ciwon cikin jarirai ne. Da an ba shi sai ya yi barci mai nauyi. In ci gaba? Wani uba daga Magariya.

Amsa: Malam, ka daina yau, ka ɗauki kwalbar da yaron ka kai su asibiti tare. Wannan barcin shi ne abin tsoron. Maganin da ke kwantar da ɗan wata 1 haka, ko dai akwai barasa a ciki, ko irin su prometazin da aka hana ba yaron da bai kai shekara 2 ba don yana iya tsayar da numfashi. Mutumin da ke yawo da magani a faranti cikin rana, bai san abin da ke rubuce a kwalin ba, shi za ka miƙa wa ran ɗanka? A 2022 yara kimanin 70 suka mutu a Gambiya bayan shan gurɓataccen siro da ya kashe musu ƙoda. Kafin nan, a 2008 zuwa 2009, wani siron haƙori ya kashe yara fiye da 80 a Najeriya, nan maƙwabta, inda yawancin kayan kasuwarku ke fitowa. Ko ɗigon simetikon da ake sayarwa a farmasi na gaskiya, da aka gwada shi bai nuna wani amfani a kan wannan kukan ba. Ka adana jakarka ka saya wa maijego nama.

Tambaya: Da zafin bazara, ba ƙishirwa ce ke sa jariri kuka ba? Ko ɗan ruwan zuma?

Amsa: Kusan kashi 87 cikin 100 na nono ruwa ne. Ke za ki sha ruwa, shi ya sha nono akai-akai, har wata 6. Zuma kuwa sai ya cika shekara 1, don tana iya ɗauke da ƙwayar da ke shanye jikin jariri.

Tambaya: An hana ni wake da madara wai suna sa wa yaro iska.

Amsa: Iskar cikinki ba ta bin nono. Ki ci wakenki. In dai kin ga jini a kashinsa ko ƙuraje bayan kin sha madarar shanu, ki zo mu duba. Abin da zan ce ki rage shi ne kanwa a kunu, tana wahalar da zuciyar maijego.

Tambaya: Ɗana mako 4, amansa ba tumbuɗi ba ne, feshi yake yi har ya wuce cinyata, bayan kowane shan nono. Yana gamawa ya sake neman nono, kuma yana ramewa. Daga Tanut.

Amsa: Wannan ba iska ba ce. Ya yi kama da toshewar mafitar tumbi, wadda ta fi kama yara maza tsakanin mako 2 zuwa 8. Ana ganin ta a hoton ciki, ƙaramin aiki ne ke gyara ta, kuma suna warkewa sarai. Jinkiri ne ke kisa, don ruwan jikinsa na ƙarewa. Ki je asibitin Tanut yau su tura ki Zinder, kada a tsaya jiƙa komai.

Tambaya: Cibin ɗiyata na ɓullowa in tana kuka. An ce in ɗaure shi da dala.

Amsa: Dala ba ta maida cibi, sai dai ta ci mata fata. Yawanci yana rufewa da kansa kafin shekara 4 ko 5. In ya yi tauri, ya ƙi komawa, ya sauya launi tana amai, asibiti nan take.