Kwamfiresar esi ta mutu sau biyu: wacce zan saya wa tsohuwar Corolla?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa da shadda a Kano, kuma ina da Corolla ƙirar 2005 da na ba direba yana shata zuwa Kaduna da Abuja. Kwamfiresar esinta ta lalace, na sa tokumbo, bayan sati shida ita ma ta tsaya. Yanzu an ce in kawo wata tokumbon a kan naira 65,000, ko sabuwa ta kwali a kan 90,000, ko ta kamfanin Denso da ta ninka wannan kuɗin. Fasinjan shata ba ya shiga motar da ba sanyi, ga bazara ta kama. Wacce zan saya, ko in sayar da motar in huta?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka biya kuɗin ko ɗaya cikin ukun tukuna. Kwamfiresar da ta tsaya cikin sati shida galibi kashe ta aka yi, kuma abin da ya kashe ta yana nan cikin motar. In ka ɗaura ta uku ba a gano shi ba, ita ma haka za ta bi.

A fara tabbatarwa ta mutu ɗin. Sau da yawa fiyus ne ko rile, ko kulocin da ke gaban kwamfiresar ya daina kamawa, ko gas ya tsiyaye har na'urar da ke kula da matsinsa ta yanke wuta. Da injin a kashe, mai gyara ya murza farantin gaban kulocin da hannu. In yana juyawa sumul da ɗan nauyi, cikinta na iya zama lafiya, sai a auna kwayil ɗin kulocin (naɗin wayar da ke cikinsa) da mitar lantarki, wanda yakan nuna om 3 zuwa 5, a kuma duba tazarar farantin, wadda ke kusan rabin milimita. Wannan ƙaramin gyara ne. In kuwa ya ƙi juyawa ko yana ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, a kwance ta a tsiyaye manta a kan farar takarda kana tsaye. Mai garau yana nufin bututun da tsabta. Baƙi ko ruwan toka mai ƙyalƙyalin garin ƙarfe kuwa yana nufin ta farfashe daga ciki, kuma garin ya bi gas ya zagaye ko'ina.

Nan ne kuɗinka ya tafi a karon farko, in hasashena ya yi daidai. Kondensar wannan motar, wadda ke gaban lagireto, hanyoyin cikinta sirara ne ƙwarai kuma a jere suke, don haka ruwan wanki yakan bi ta waɗanda suke buɗe ya bar waɗanda suka toshe. Ba ta wankuwa, duk abin da za a gaya maka. Canza ta ake yi, tare da matatar da ke tsotse laima, wadda a wannan ƙirar take manne a gefen kondensar, da kuma bawul ɗin da ke sakin gas zuwa abin sanyin da ke cikin mota. Bututu da abin sanyin da ke bayan dashbod su ake wankewa a busar, a sa sababbin robobin haɗi. A kuma duba fankar gaba tana tashi idan an kunna esi, domin fankar da ta raunana tana sa matsi ya hau a cunkoso har kwamfiresa ta gaji. A nemi inda gas ke yoyo, saboda man kwamfiresa tare da gas yake yawo, in gas ya yi ƙasa sai ta riƙa aiki a bushe.

Sai batun saye. Sunan mota da shekararta ba su isa ba. Lambar da ke kan takardar jikin kwamfiresar ake bi. Corolla 'yar Amurka mai injin 1.8 daga 2003 zuwa 2008 yawanci Denso 10S15L take ɗauka, mai fuli mai layi 6, amma 'yar Turai na iya bambanta, kuma tsohuwar mota wani lokaci an taɓa canza mata inji. Ɗauki tsohuwar ka je da ita, ko Ƙofar Ruwa ce ko Panteka a Kaduna, a ajiye su gefe da gefe: ramukan ƙusa, bakin bututu biyu, layin fuli, da soket ɗin wuta. Wadda sai an yi walda ko an yanka waya kafin ta zauna, bar musu kayansu. Ɗan karkacewar fuli kaɗai na cin bel.

Tokumbo ta gari ana gane ta. Bakunanta a toshe suke da roba ko murfi, domin man da ke ciki yana jan laima daga iska, wadda ta kwana a buɗe cikin ƙura ta riga ta fara lalacewa. Leƙa bakin da tocila, ka tsiyayi ɗan mai, ka ɗora babban yatsa a bakin fitarwa ana murza farantin, ya kamata ka ji tana turo iska. Wadda aka fesa wa sabon fenti ko kan ƙusoshinta ya sha sifana, an buɗe ta a nan gida, farashinta bai kamata ya zama na tokumbo ba. Sabuwar kwali kuma iri-iri ce, akwai mai jurewa akwai wadda ba ta kai shekara, kuma ana buga sunan Denso a kwalin da ba nasu ba.

Ga ra'ayina a kan kuɗin da ka lissafo. In man ya fito baƙi kuma ba za ka iya ɗaukar nauyin komai lokaci guda ba, tokumbo ta asali mai tsabta tare da sabuwar kondensa da bawul ta fi Denso mai tsada da aka ɗaura a kan datti. In kana da hali, kuma kana da niyyar riƙe motar shekara biyu ko fiye tana bin hanyar Abuja, Denso daga dilan da zai ba ka rasit da garanti a rubuce ta cancanci kuɗinta. Ta kwali marar suna ita ce zaɓina na ƙarshe, sai fa in garantinta ya kai wata shida.

Ka sa aikin duka a hannu ɗaya. Idan kai ka sayo wani ya ɗaura, ranar da ta tsaya mai kaya zai ce ɗauri ne, mai ɗauri ya ce kaya ne. Mai gyaran ya kawo kayan da ka gani ka amince, ya rubuta jimillar kuɗi da tsawon garanti, ka riƙe wani ɓangare na ladansa sai motar ta yi tafiya biyu ko uku.

Sayar da motar ba shi ne mafita ba in inji da giya lafiya suke. Duk mai saye a bazara esi zai fara kunnawa, kuma zai zabtare kuɗin gyaran har da ƙari. Haɗa kuɗin aikin gaba ɗaya ka raba da abin da direba ke kawowa a sati. In motar za ta mayar da shi cikin wata biyu zuwa uku, gyara. Ka rubuta shi bashi a kan motar, ta biya shago daga abin da take samu, sannan ka riƙa ware wani abu duk sati don gyara, kada jarin atamfa ya riƙa ciyar da mota.

Ranar ɗauri ka je da kanka. A zubar da tsohon man tokumbon a zuba sabon mai nau'in PAG 46, wanda Denso ke kira ND-8, a auna shi daidai da abin da littafin motar ya ce, domin in ya yi yawa sanyi yakan ragu. A ja iskar ciki da injin zuƙa na aƙalla minti 30, a rufe a ga allurar ma'aunin matsi ba ta motsa ba. Gas R134a ne, kusan rabin kilo, ainihin adadin yana kan takardar da ke ƙarƙashin bonet, kuma a kan sikeli ake zuba shi, ba da taɓa bututu a ce ya yi ba. Tambayi inda aka sayo gas ɗin, don akwai na jabu da ake gauraya da sinadarin R40 mai cin alminiyom. Kafin ka biya, a sa ma'aunin zafi a bakin iskar tsakiya, injin na juyi kusan 1,500 a minti, tagogi a rufe: ya sauka wajen digiri 10 ko ƙasa da haka. Direba kuma ya riƙa wanke ƙurar kondensa da ruwa marar ƙarfi, ya kashe esi nan take ranar da ya ji sabuwar ƙara daga gaba.