Dajin huyang a hamadar Sin: ganin bishiya ba ya nufin ka sami ruwan sha

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Guangzhou, iyalina sun zo mini hutu. Ina so in kai su dajin bishiyoyin huyang, waɗanda ganyensu ke rikiɗewa ya koma ruwan zinariya da kaka. Wani aboki ya haɗa ni da direba a WeChat, ya ce zai shiga da mu ta bayan gida can cikin rairayi, babu tikiti babu cunkoso, mu kwana ɗaya a tanti. Da na yi masa zancen ruwa sai ya ce duk inda bishiya take da rai ruwa na kusa. Hankalin uwargida bai kwanta ba, don muna da yaro ɗan shekara 4. Ejina za mu nufa ko Tarim, kuma akwai hatsari a wannan shiri?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Uwargida ta fi ka gaskiya, kada ka biya direban nan ko sisi.

Batun wuri mai sauƙi ne. Ejina tana yammacin jihar Mongoliya ta Gida ta ƙasar Sin, ganyen bishiyoyinta yana nuna daga ƙarshen Satumba zuwa tsakiyar Oktoba, wato daidai da hutun ƙasa na 1 zuwa 7 ga Oktoba, lokacin da ɗaki ke tsada kamar me. Kuma yankin kan iyaka ne, cibiyar harba tauraron ɗan Adam ta Jiuquan ma a cikinsa take, don haka ana tsaurara wa baƙi. Sai ka tabbatar da izini tun kana gida. Ga mai iyali na fi son Tarim a jihar Xinjiang. Ku sauka birnin Korla, ku wuce garin Luntai, gandun dajin huyang yana wajen kilomita 70 kudu da Luntai, kuma launin ya fi kyau daga tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba.

Yanzu maganar ruwa. Ina jin ta daga bakin mutanenmu fiye da kowace magana, kuma na san daga inda ta fito. A gida mun saba in ka ga itatuwa sun yi layi a bakin busasshen kogi, ka tona yashi kamu ɗaya ko biyu, ruwa ya ɓuɓɓugo. Sai mutum ya ɗauki wannan ilimi ya tafi da shi hamadar Taklamakan, wadda kogin Tarim ke bi ta gefenta, yana cewa ai shi ɗan Sahel ne. Huyang, wadda Uigurawa, mutanen Xinjiang, ke kira toghrak, ba ruwan sama take jira ba. Saiwarta tana nutsawa mitoci da yawa ta kamo ruwan ƙarƙashin ƙasa, zurfin da kai da shebur ɗin bayan mota ba za ku kai ba kafin ƙarfinka ya ƙare. Ko da ka kai, sau da yawa ruwan na gishiri ne da kanwa. Ita bishiyar an halicce ta da jure wannan. Ka duba jikinta inda ɓawo ya tsage, za ka ga wani farin abu ya daskare, gishirin da ta sha ne take fitarwa, har mutanen wurin kan tsince shi su kwaɓa fulawa da shi. Cikin ɗan shekara 4 ba zai ɗauki ruwan nan ba. Zawo zai sa shi, zawo kuma a inda babu asibiti shi ne ke ƙarar da yaro cikin sa'o'i.

Ko korayen tsirran da za ka gani gefen babbar hanyar hamada, wadda aka buɗe a 1995 mai tsawon kilomita 522 daga Luntai zuwa Minfeng, kada su ruɗe ka. Shuka su aka yi, ana ɗiga musu ruwan gishiri ta siraran bututu daga rijiyoyin burtsatse da aka jera a hanyar.

Wani abin kuma da direban ba zai faɗa maka ba: bishiyar na iya tsayuwa shekara da shekaru bayan ruwan da ya raya ta ya tafi. Kogin Tarim yana sauya hanya, ya bar tsohon kwarinsa. Bayan an gina madatsar Daxihaizi, daga 1972 ƙarshen kogin ya ƙafe na sama da kilomita 300, itatuwa suka yi ta mutuwa a tsaye, sai a shekarar 2000 aka fara sako musu ruwa da gangan. Masu yawon buɗe ido suna son karin maganar nan ta Sinawa, wai tana rayuwa shekara dubu, ta mutu ta tsaya shekara dubu, ta faɗi ta yi dubu ba ta ruɓe ba. Kirari ne, shekarunta ba su kai haka ba, amma tsayuwar bayan mutuwa gaskiya ce. Wuraren da ake tallata muku da cewa babu kowa, masu karkatattun kututture da suka fi kyau a hoto, galibi su ne inda ruwa ya daɗe da gudu.

Masana ma hamadar nan ta ci su. A watan Yuni na 1980 masanin kimiyya Peng Jiamu, yana jagorantar ayarin bincike a Lop Nur, wani busasshen tafki gabas da Tarim, ya bar takarda cewa ya tafi gabas neman ruwa. Har yau ba a ga gawarsa ba. Shi da ayari da motoci da hanyar kiran sojoji ke nan. Kai kuwa mota ɗaya gare ka da direban da ba ka san sunansa na gaskiya ba.

Abin da ke ƙona mini rai da irin direbobin nan, ba sa asarar komai. In mota ta kafe a yashi, nesa da titi waya ba ta da sabis, babu wanda ya rubuta shigarku balle a neme ku. In kuma 'yan sanda suka tare ku a wurin da aka hana shiga, fasfo ɗinka da bizarka ne a kan tebur, kasuwancin da ka yi shekaru kana ginawa ne zai girgiza. Duk don gudun kuɗin tikiti? Haba Alhaji.

Sanyi ma yana taya ƙishirwa ɓuya. A ƙarshen Oktoba rana na da daɗi, amma da dare yanayi kan sauka kusan sifili, iska kuma busasshiya ce ƙwarai. Mutum ba ya jin ƙishi alhali jikinsa na ta bushewa. Ku ɗauki aƙalla lita 4 ga kowane babba a yini, da ƙarin katan guda a mota, da fakitin ruwan gishiri da sukari. A riƙa ba yaro ruwa ko bai nema ba, a lura da fitsarinsa. Rigar sanyi mai kauri, hula da safa, man leɓe.

Ku shiga ta ƙofar gandun, ku bi hanyar da aka shata, ku kwana a gari. Kafin ka biya kuɗin otal ka kira ka tambaya ko suna karɓar baƙi 'yan ƙasar waje, don wasu har yanzu sukan mai da mutum da tsakar dare, abin takaici. Fasfo ya zauna a aljihunka, shingayen bincike suna da yawa a Xinjiang. Abincin halal ba wahala. Agogo na Beijing ne amma rana tana baya da kusan awa 2, saboda haka lokacin salla ku bi rana. Kada a kunna wuta ko sigari a cikin itatuwan, kada a karya reshe don tsaraba. In Allah ya sa mota ta lalace a hanya, kowa ya zauna kusa da ita, kada wani ya ce zai taka ya nemo ruwa. Ka gaishe da uwargida, Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.