Amsa ga mai tambaya kan sayen hauren giwa da ɓawon ɗankunya

Ɗan'uwa ka ce wani ya yi maka tayin ka riƙa tara masa hauren giwa da ɓawon ɗankunya daga ƙauyukan Alkaleri, wai ko sana'a ce mai kyau. Wallahi kar ka soma. Tun 1989 yarjejeniyar CITES, wato ta ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran daji masu fuskantar ƙarewa, ta hana cinikin haure tsakanin ƙasashe, ɗankunya ma an hana nashi a 2016, kuma Najeriya na cikin yarjejeniyar. Kayan nan Legas ake kai su a cusa cikin kwantena zuwa Biyetnam da Chaina, in kwastam suka kama kuwa, mai kuɗin ya ɓace kai ɗan aike ka kwana a hannu.

Ni abin da ya fi ci mini rai giwayen gandun dajin Yankari ne, 'yan kaɗan suka rage, ga giwa sai ta yi kusan wata 22 da ciki ta haifi ɗa guda, to in ana harbe su yaushe za su yaɗu? Na taɓa ganin gwanki da tarkon waya a ƙafa, wayar ta nutse har ƙashi ƙudaje sun rufe wurin, ranar ko tuwo ban iya ci ba. Ka sanar da jami'an gandun dajin.