Wuraren da suka fi tsaya mini a rai a finafinan katun

'Yar uwa kin tambaya wane waje ne a fim ɗin katun ya fi tsaya wa mutum a rai, kuma wai da gaske babba da hankalinsa yana hawaye a kan zane. To ni dai na yi, ba sau ɗaya ba, kuma da na zauna ina lissafo wuraren sai na ga kusan duk cikinsu babu mai magana, ko a yi maganar 'yar kaɗan.

Na farko wanda nasan rabin mutanen nan za su ambata, mutuwar Mufasa, sarkin zakuna baban Simba, a The Lion King na 1994. Mutane sun fi tuna gudun garken namun dajin nan masu kama da ɓauna a cikin kwazazzabo, kuma sun yi gaskiya, aiki ne ba na wasa ba, don ɗan wajen nan da bai kai minti uku ba sai da masu zanen Disney suka shafe sama da shekara biyu a kansa da kwamfuta. Amma ni ba gudun ne ya kama ni ba. Bayan ƙura ta lafa ne, Simba ya zo ya tarar da babansa kwance, ya ture shi da kai, ya ja masa kunne da haƙori yadda suke yi in suna wasa, ya yi ihun neman taimako ba kowa, sai kawai ya sunkuya ya shige ƙarƙashin hannun gawar ya kwanta. Ina yaro na fara kallonsa ban gane komai ba, haushin Scar, ƙanin Mufasa da ya kashe shi, kawai nake ji. Da na sake kallo bayan rasuwar mahaifinmu wallahi sai da na tsayar da fim ɗin na fita waje. Wanda suka sake yi a 2019 da zakuna kamar na gaske kuwa bai yi mini komai ba, fuskar zakin gaske ba ta nuna baƙin ciki, ga dai ƙwarewa amma wajen ya zo ya wuce salam.

Wanda ya fi shi a wurina shi ne farkon Up na Pixar, 2009. Minti huɗu ne da 'yan kai, babu kalma ko ɗaya sai kiɗa, amma a ciki aka ba ka rayuwar Carl da Ellie tun daga ranar aure har tsufa. Suna kwance suna kallon gajimare yana rikiɗa yana zama jarirai, suka yi wa ɗakin jariri fenti, sai kyamara ta zame a hankali daga ɗakin nan mai haske zuwa ɗakin likita, ita tana zaune ta rufe fuska tana kuka shi yana tsaye a bayanta. Shi ke nan fa, ba wanda ya ce maka ba za su haihu ba, kai da kanka ka gane. Sai kuma kwalbar asusun da suke tara kuɗin tafiyar da suka yi wa juna alkawari tun suna yara, taya ta fashe a fasa asusu, Carl ya karye a ƙafa a fasa, bishiya ta faɗo kan rufin gida a fasa, har dai kwalbar ta koma bayan kantar ajiye kaya ƙura ta rufe ta. Ranar da ya sayi tikitin a ƙarshe, ranar ce Ellie ta kasa hawa tudun da suka saba hawa. Michael Giacchino ya ci Oscar, babbar lambar yabon finafinai ta Amurka, da kiɗan fim ɗin, kuma in kin saurara waƙa ɗaya ce yake ta juyawa, da farko da sauri da annashuwa, a ƙarshe fiyano kaɗai a hankali. Gaskiya sauran fim ɗin, karnuka masu magana da su tsuntsu, bai kai farkon ba, ni sau tari daga nan nake kashewa.

Kar a ce kuka kawai na sani, akwai Tom and Jerry wanda Tom yake kaɗa fiyano a gaban jama'a Jerry yana barci a cikin fiyanon, The Cat Concerto, shi ma ya ci Oscar. Duk dukan da suke yi wa juna a kan kiɗan yake faɗawa daidai, ƙarshe Tom ya zube a gajiye Jerry ya karɓe tafi. Har yau yana ba ni dariya.

Sai na Japan, in ba ki fara ba ki fara da Spirited Away na Hayao Miyazaki, 2001. Yarinya ce 'yar shekara 10, Chihiro, iyayenta sun zama aladu ta maƙale a duniyar aljanu tana aikatau. Akwai wajen da ta shiga jirgin ƙasa da ke tafiya a kan ruwa, fasinjojin kamar inuwa, suna sauka tasha tasha ba mai cewa uffan, ita tana zaune tana kallon taga har dare ya yi. Babu abin da ya faru fa, ƙanina da muke kallo tare ce mini ya yi in tura gaba, amma ni a nan na ga yarinyar da ta fara fim tana ƙorafi a bayan mota ta zama wata daban.

Wanda kuma ba na iya maimaitawa shi ne Grave of the Fireflies na Isao Takahata, 1988, labarin wa da ƙanwa a Kobe a 1945 lokacin da jiragen Amurka ke ruwan bamabamai. Ƙanwar, Setsuko, shekararta 4, tana da ɗan gwangwanin alewa, da alewar ta ƙare sai yayan ya zuba ruwa a ciki ya girgiza ya ba ta ta sha ɗan zaƙin da ya rage. Daga baya sun kama ƙwarin nan masu walƙiya da daddare suka haska makwancinsu, da safe duk sun mutu, ya fito ya same ta tana tona musu rami, tana binnewa take gaya masa ai ta san mamansu ma tana cikin kabari, alhali shi duk tsawon lokacin nan ɓoye mata yake yi. Wannan kam kar ki kalla da yara duk da katun ne, kuma kar ki kalla in da ma ranki a jagule yake. Sau ɗaya na kalle shi, shekaru da yawa ke nan, har yanzu yana cikin kwamfutata ban goge ba ban kuma sake buɗewa ba.